Kogin Da Ba Shi Da Masunta

A wannan mako zancenmu zai ƙetare teku ya sauka ƙasar Amurka, a bakin wani kogi wanda babu shi cikin taswirar da ake koya wa yara a lakkol. Ba shi da mafari cikin duwatsu, ba ya zuba a teku. Damina ba ta cika shi, rani kuma ba ya ƙafar da shi. Mutane ne suka haƙa shi da injuna, suka shuka masa kurmi, suka zuba masa namun daji na roba da ƙarfe. Tun shekarar 1955 jama'a ke biyan kuɗi su shiga jirgi su kewaya shi cikin ƴan mintoci, su fito suna jin kamar sun leƙa Afirka.

Sunan abin Jungle Cruise, watau yawon kurmi cikin jirgin ruwa, kuma yana cikin Disneyland, babban filin shaƙatawar nan na garin Anaheim a jihar Kalifoniya. A shekarar 2021 masu wurin sun yi masa gyara, gyaran kuwa ya tada gardama: wasu suka ce an wanke wa kogin dauɗa, wasu suka ce an zare masa rai. Mai karatu na iya cewa, to ina ruwanmu da wurin wasan ɗiyan masu hali? Ruwanmu shi ne, a shekarar 2023 kaɗai mutum sama da miliyon 17 suka shiga wannan fili, kuma kamar haka suka shiga ɗan uwansa na jihar Fulorida, inda aka haƙa irin wannan kogi a 1971. Akwai shi a Tokiyo tun 1983, akwai shi a Hong Kong tun 2005. Cikin masu shiga jiragen nan akwai yara ƙanana da yawa, waɗanda a nan ne hoton nahiyarmu ke fara shiga idonsu. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi.

Yadda aka gina kwarjinin kogin

Walt Disney ya buɗe filinsa ranar 17 ga watan Yuli 1955, bisa wani wuri mai faɗin kimanin hekta 65 wanda a da gonakin lemu ne, kuma wannan kogi yana cikin abubuwan da aka fara da su tun ranar farko. A lokacin kamfaninsa yana fitar da finafinan namun daji waɗanda suka yi suna ƙwarai, shi kuwa abin da yake so shi ne mai kallo ya tashi daga kujerar silima ya shiga cikin fim ɗin da ƙafarsa. Da farko ya so a kawo namun daji masu rai. Masana dabbobi suka nuna masa cewa zaki barci yake yi da rana, kada nutsewa yake yi, dorina kuma ba ta karɓar umurnin kowa. Jirgi guda zai yi sa'a ya ga abin kallo, goma na bayansa su ga ganye kurum. Sai aka koma ga dabbobin inji, waɗanda ba su gajiya, ba su ɓuya.

Wanda ya zana tsarin wurin, Harper Goff, ya ɗauko siffar jiragen daga wani fim na 1951 mai suna The African Queen, wanda aka ɗauki wani sashensa a Kongo lokacin tana hannun Beljiyam. Wanda ya shuka kurmin kuwa, Bill Evans, shi ya fi kowa shan wuya, domin kurmi ba ya tashi cikin shekara guda. Ya riƙa bin wuraren da ake yanka manyan hanyoyin mota a kewayen birnin Los Anjeles yana ceto manyan itatuwan da za a sare, ya haɗa su da gora da sauran shuke-shuken ƙasashe masu zafi. Har ma ya tumɓuke itatuwan lemu ya kafa su kai ƙasa saiwa sama, ya ɗora musu yaɗo, don su yi kama da itatuwan bakin ruwa masu tarin jijiyoyi.

Sauran dabarun duka na ɓoye abu ne. Ƙarƙashin ruwan akwai hanya wadda jirgin ke bi, kamar yadda jirgin ƙasa ke bin dogo. Matuƙin na iya ƙara gudu ko ya rage, amma sitiyarin da yake juyawa na ado ne. An rina ruwan ya yi duhu, tsakanin kore da ruwan ƙasa, don kada a ga abin da ke ƙasa, kada kuma a gane cewa ba shi da zurfi. An yi wa kogin kwana-kwana yadda na cikin jirgi ba su cika hangen jirgin da ke gabansu ba, sai su ɗauka su kaɗai ne cikin dajin. Kukan tsuntsaye da ƙwari yana fitowa daga lasifikokin da aka ɓoye cikin ganye. Sannan aka ɗinke kogunan nahiya uku wuri guda, har Mekong na Asiya, da Nilu da Kongo na Afirka, da Amazon na Amurka ta Kudu duk suka zama ruwa ɗaya.

A shekarun farko matuƙin jirgin ba ɗan wasa ba ne. Yana magana da murya mai nauyi, irin ta mai bayani cikin finafinan namun daji, yana nuna wannan dabba da wancan icce kamar malami da almajiransa. Yanayin da ake nema a lokacin shi ne mamaki gauraye da fargaba, fargabar kuwa fuska biyu aka yi mata. Ta farko dorina ce: ta taso daga ruwa baki buɗe kusa da jirgin, matuƙi ya zaro ƙaramar bindiga ya harbe ta da harsashi mai ƙara maras kisa. Ta biyu mutum ne: can gaba sai a ji ganguna, a ga ƙoƙunan kai jibge, a ga baƙaƙen mutane suna rawa, wasu kuma su ɓullo daga cikin ciyawa riƙe da masu da garkuwa, matuƙi ya ce kowa ya sunkuya. Watau an jera dorina da baƙin mutum cikin sahu guda, sahun abubuwan da ke jiran baƙo cikin daji su hallaka shi. Kada mu manta cewa shekarar da aka buɗe kogin ita ce shekarar taron Bandung, inda ƙasashen Afirka da Asiya suka taru suka yi tir da mulkin mallaka, kuma cikin watanta na Disamba ne Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta cikin motar haya a Montgomery.

Ranar da dariya ta shiga jirgi

Labarin da ma'aikatan kamfanin ke bayarwa shi ne, wata rana Walt Disney ya ji wata uwa tana hana ɗanta shiga jirgin, wai ai sun riga sun gani tun wancan zuwan. Darasin da ke cikin labarin a fili yake: tsoro ba ya jure maimaici. Dorinar da ta firgita ka bara, bana ka san kwanar da take jiranka. Mai filin wasa kuwa cinikinsa yana ga wanda ya zo ya sake dawowa. Saboda haka aka kira Marc Davis, ɗaya daga cikin manyan masu zanen finafinan kamfanin, mutumin da ya ƙware wajen sa zane guda ya ba da labari tun kafin a ce uffan. A 1962 aka ƙara tafkin giwaye, manya da ƙanana suna wanka suna fesa ruwa da hanci kamar yara a bakin gulbi. A 1964 aka ƙara fagen dajin Afirka, inda zakuna ke cin jakin dawa sauran dabbobi na kallo.

A wannan shekara ta 1964 ce kuma aka kafa abin da ya fi kowane suna a kogin. Wani dogon icce ne a tsaye, mutane sun ɗare bisansa suna gudun karkanda. Can ƙoli Nasara ne mai farauta. Ƙarƙashinsa baƙaƙen ƴan dako ne jere, ɗaya bisa ɗaya, ido waje. Na can ƙasa kuwa ƙahon karkandar yana dab da mazaunansa, ga kuraye a gefe suna ƙyaƙyatawa. Ta fuskar gwaninta babu abin cewa: jirgi na wucewa cikin ƴan daƙiƙoƙi, amma kowa ya fahimci abin da ya faru, kowa ya yi dariya, ko da bai ji harshen matuƙin ba.

Daga nan kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Tun da abubuwan da ke bakin kogin sun koma na ban dariya, muryar malami ba ta dace da su ba kuma, sai matuƙa suka rikiɗe suka zama masu barkwanci. Zakunan da ke cin jakin dawa, matuƙi ya ce ai gadinsa suke yi yana barci. Akwai wani wuri da ruwa ke zubowa daga kan dutse, wanda aka raɗa wa sunan Albert Schweitzer, likitan nan da ya kafa asibiti a Lambarene ta ƙasar Gabon a 1913. Matuƙa suka mai da sunan abin wasa, suka ƙago wani likita na ƙarya suka ce shi ne mai sunan. In jirgi ya bi ta bayan ruwan, sai su yi shela da babbar murya cewa ga abin al'ajabin duniya, yau kun ga ƙeyar ruwa. Wannan shi ne canji mafi girma da ya taɓa samun yanayin kogin, kuma a zamanin Walt Disney kansa ya faro, kafin rasuwarsa a watan Disamba 1966. Tun daga lokacin mutane suka rage zuwa don su ji gabansu ya faɗi, suka koma zuwa don su ji yadda matuƙin yau zai juya tsohuwar raha. Ga mai ciniki dabarar ta yi, domin dabbar inji ba ta canzawa, amma bakin ɗan Adam kullum da sabon gishirinsa.

Sai dai dariya ba ta tashi a banza, dole akwai wanda ake yi wa ita. Mu nan mun san ko su wane ne ƴan dakon da ke jikin iccen nan. Kakanninmu sun ɗauki akwatunan kumandan a ka daga gari zuwa gari a zamanin aikin tilas, wanda ba a soke shi a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai a watan Afrilu 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Ranar da aka kafa iccen, Nijar tana da shekara 4 da samun ƴancin kai, Amurka kuma a shekarar ce ta kafa dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a. Duk da haka tsarin iccen bai nuna ya ji labari ba: fari a sama, baƙi a ƙasa, ƙaho kuma rabon na ƙarshe. Haka ya tsaya fiye da shekara 50.

Tsufa na gangan, da tsufa na gaskiya

Cikin shekarun 1990 aka sake taɓa kogin. Ana gina wani sabon abin hawa a maƙwabtansa, na jarumin fim ɗin nan Indiana Jones, wanda aka buɗe a 1995, sai aka ɗan karkata hanyar ruwan don a ba shi wuri, aka gina sabuwar tashar jirage mai bene. Jiragen farko tsaf suke, da rumfuna masu ratsi-ratsi kamar na ranar biki. Aka musanya su da wasu da aka tsufar da gangan, fenti ya koɗe, kaya da igiyoyi rataye. Cikin tashar aka baza tsofaffin akwatuna da taswirori, rediyo na kaɗa kiɗan da. An ɗaure kogin a wani zamani ke nan, watau shekarun 1930. Wannan gyara ya ƙara wa wurin armashi ƙwarai, domin mai jiran layi tun bai taka jirgi ba ya riga ya bar Kalifoniya. Amma zamanin da aka zaɓa a yi begensa shi ne tsakiyar mulkin mallaka, zamanin babban baje kolin ƙasashen mallaka da aka yi a Paris a 1931. Ga baƙon da ya biya kuɗi zamanin hular kwano ne da yawon ganin duniya; tsofaffinmu kuwa da wani suna suke tuna shi.

Sha'anin bindiga ma ya isa misali na yadda ƙaramin abu ke juya yanayin wuri. A 2001 aka karɓe bindigogin daga hannun matuƙa. Dorina ta ci gaba da tasowa yadda ta saba, amma ba ƙarar da ke sa yara zabura, sai wurin ya yi lami, masu zuwa suka yi ta ƙorafi. A 2004 aka mayar da bindigogin, da sharaɗin sama za a riƙa harbawa don a kori dabbar. Ƙarar ta dawo, zabura ta dawo, babu wanda ya yi asarar komai. Abin lura a nan shi ne, dorinar roba ta samu sassauci shekara 20 kafin a tuna da baƙin mutumin da ke can gabanta riƙe da mashi.

Akwai kuma canji guda wanda ba a zauna taro a kansa ba, shi ne kuwa ya fi duka amfani. Itatuwan da Bill Evans ya dasa sun girma. Hotunan 1955 suna nuna kogi a sarari, rana na dukansa, shuke-shuke tsilla-tsilla. Da shekaru suka tura, rassa suka haɗe a sama, inuwa ta rufe ruwa, gora ta yi kauri har ta tare hayaniyar filin da ke kewaye. Kurmin ƙarya ya zama kurmin gaske. Waɗanda suka san wurin da yawa sun fi son shiga jirgin da dare, lokacin da fitilar matuƙi kaɗai ke haska gaba, ido ba ya ganin ɗinkin robar da ke jikin giwa. Wannan yana nuna mana inda kwarjinin kogin yake zaune: cikin inuwa, da duhun ruwa, da kwanar da ba ka san abin da ke bayanta ba.

Gyaran 2021

Bayan kisan George Floyd a birnin Minneapolis cikin watan Mayu 2020, da zanga-zangar da ta biyo baya, kamfanonin Amurka da dama sun shiga duba kayansu. A watan Janairu 2021 kamfanin Disney ya ba da sanarwar zai gyara kogunan Kalifoniya da Fulorida, ya fid da abubuwan da ke wulaƙanta mutanen ƙasashen da ake kwaikwayo. Na Kalifoniya ya sake buɗewa ranar 16 ga watan Yuli 2021, makonni biyu kafin fitowar fim mai sunan kogin, wanda Dwayne Johnson da Emily Blunt suka fito a cikinsa.

An kwashe masu rawa da masu kwanton ɓauna. An kwashe wani mutum-mutumi da ake kira Trader Sam, wanda ke tsaye kusa da ƙarshen tafiya yana tallar ƙanƙanannun kawunan mutane, aka mai da wurinsa rumfar da ake sayar da kayan da matafiya suka yar. Iccen karkanda yana nan, karkandar ma tana nan, amma waɗanda ke bisansa yanzu ayarin masu yawon bincike ne daga ƙasashe dabam-dabam, har da mai zane ƴar Meksiko da masanin ƙwari ɗan Japan, tare da matuƙin da ya kai su ya baro. Jirginsu da ya lalace birai sun mamaye shi suna ɓarna da kayansu. Likitan ƙaryar nan da matuƙa suka ƙago don raha, shi ma an ba shi tarihi, har da jikanya wadda aka ce ita ce mai kamfanin jiragen. Raha ta haɗiye kogin gaba ɗaya ke nan.

Masu kukan an ɓata wurin kashi biyu ne. Akwai waɗanda abin da ke damunsu shi ne a taɓa duk wani abu da suka sani tun suna yara. Waɗannan sai haƙuri, domin mutum ba ya son a canza masa ɗakin da ya girma a ciki. Akwai kuma masu hujja ta fuskar sana'a, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa tafiyar da tana da hawa: a fara da kallo, a yi dariya, sannan ganguna su fara, murya ta yi ƙasa, haɗari ya matso, a tsira da ƙyar, a isa tasha ana ajiyar zuciya. Yanzu kuwa daga raha sai raha, birai sun gaji masu mashi, babu inda gaba ke faɗuwa. Tuwo ne aka cika masa zuma. A nan suna da gaskiya gwargwado, domin labarin da ba shi da tudu da gangare ba ya zama a zuciya.

Inda suka kauce shi ne wajen ɗora laifin. Fargabar kogin ba a 2021 ta fara zubewa ba. Mun ga tun 1962 dariya ta fara cin ta, kuma masu mashin nan kansu sun daɗe da zama abin ba'a a bakin matuƙa. Sannan kamfanin da kansa ya nuna cewa ana iya gina fargaba ba tare da an mai da ɗan Adam dodo ba. A 2005 an ƙara wa kogin Kalifoniya wurin da kifayen Amazon masu cin nama ke tafasa ruwa kewaye da jirgi. A Fulorida jirgin yana kutsawa cikin kangon wani tsohon gidan bauta mai duhu, matuƙi ya yi shiru, a bar duhun ya yi aikinsa. A Hong Kong da wuta da ambaliyar ruwa ake rufe tafiyar. A Tokiyo, cikin 2014, da kiɗa da hasken fitilu aka sabunta wurin. Ruwa da duhu da wuta da shiru sun wadatar. In an rasa tudun labari a Kalifoniya, daga cikin waɗannan ya kamata a nemo shi.

Akwai kuma tambayar da masu begen da ba su cika yi wa kansu ba: yanayin nan da ake kuka a kansa, na wane ne? Jirgi guda ne, amma ba abu guda kowa ke ji a cikinsa ba. Yaro baƙar fata da iyayensa suka tara kuɗi suka kawo shi, ya duba bakin kogi ya ga masu kama da shi ko dai suna ƙasan icce ƙaho na bin su, ko suna cikin ciyawa suna jiran su kashe, jirgi duka na dariya, shi ma wani yanayi ya shiga, kuma da shi zai koma gida. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Shekara da shekaru wannan kogi yana sayar wa wasu tsoron daji na wasa, yana aika wasu gida da kunya ta gaske. Daɗin da sai an ci mutuncin wani ake jin sa, rasa shi ba asara ba ce.

Abin da ya rage

To amma kada mu yi saurin tafi. Da aka kwashe mutanen ƙarya, ba a kawo na gaske ba. Wanda ya bi kogin bayan gyara zai ga giwa, da zaki, da biri, da baƙi masu yawon bincike, amma ba zai ga mai gida ba. Cikin sunayen da aka ba jiragen Fulorida akwai na kogin Senegal, akwai na Volta, akwai na Kongo da Zambezi, kogunan da miliyoyin mutane ke rayuwa a bakinsu. Nahiyar da a da aka ce ta masu farautar kai ce, yanzu ta zama gandun dabbobi wanda ba kowa a cikinsa sai mai ziyara. Da tsohon hoton gara wannan nesa ba kusa ba, amma shi ma bai faɗi gaskiya ba, kuma tsohuwar magana ce ta masu mulkin mallaka cewa ƙasar da suka tarar fili ce ba mai ita.

Kogin gaske kuwa cike yake da jama'a. A Kisangani masuntan Wagenia suna kafa katakai bisa ruwa mai gudu, su rataya manyan kwanduna su kama kifi, sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Manyan jiragen da ke hawa kogin Kongo kasuwa ce mai tafiya, ƙananan jirage na manne musu ana saye ana sayarwa. Birnin Alƙahira da na Khartum a bakin Nilu suke zaune. Mu ma a namu kogin, daga Mopti zuwa Ayoru har Gaya, wa ya san halin dorina kamar Sarkawa? Su suka san inda take kwana, da lokacin da take da ɗa ba a matsa mata, da yadda take kifar da jirgi. In ana neman mai faɗa wa baƙo ya yi hattara cikin muryar da za ta sa gabansa ya faɗi, ai ga gwani nan. Da an sa irin wannan mutum a bakin kogin Disney, a tsaye cikin jirginsa da mutuncinsa, yana aikinsa, da fargaba ta dawo, da raha ma ta samu wurin zama, domin masunta ba su rasa abin faɗa game da baƙon da ya zo da hular kwano yana tambayar hanya.

Masu wurin ba za su ce ba a taɓa kayan tarihi ba. Walt Disney da bakinsa ya faɗa cewa filinsa ba zai taɓa ƙarewa da gini ba, magadansa kuma sun riƙe maganar. A filin Fulorida a da akwai wani kogin dabam, mai kwaikwayon manyan kogunan Amurka, inda babban jirgi irin na zamanin da ke kewaya wani tsibiri. A watan Yuli 2025 an rufe shi baki ɗaya don a gina wurin wasan motoci a gurbinsa. Wanda ya iya shafe kogi sukutum saboda ciniki, ba zai kasa ƙara masunci guda a bakin wani ba. Abin da zai sa ya yi shi ne a riƙa faɗa masa, kamar yadda aka yi ta faɗa har aka sauko da ƴan dako daga bisa icce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kogunan da ake kwaikwayo kuwa a ƙofar gidanmu suke gudana.